Yadda Ake Kafa Shirin Barkwanci Mai Ɗorewa: Darasi Daga Bubble Gang na Filifin Ga Matasan Kebbi

Duk wanda yake bibiyar Facebook da TikTok daga Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yawuri ya san cewa Allah ya hore wa wannan jiha matasa masu ban dariya, waɗanda za su kwaikwayi tafiyar dillali ko muryar kwandastan mota har mai kallo ya riƙe ciki. Sai dai yawancin ƙungiyoyin da suke kafawa ba sa yin nisa. Za a fitar da wasanni biyar masu daɗi a jere, na shida ya yi lami, a sami saɓani a kan kuɗin talla, daga nan kowa ya kama gabansa. Wannan bayani na waɗanda suke son su wuce wannan matsayi ne, kuma an ɗauko misalinsa daga wani shirin talabijin na ƙasar Filifin mai suna Bubble Gang, saboda ya yi abin da ya fi wuya a wannan sana'a, wato daɗewa ana dariya.

Tashar GMA, wadda hedkwatarta take birnin Quezon kusa da Manila, ta fara nuna shirin ranar 20 ga Oktoba, 1995, kuma a 2025 ya cika shekara 30, babu wani shirin gajerun wasannin barkwanci a talabijin ɗin ƙasar da ya kai shi tsawon rai. Da harshen Tagalog ake yin sa, kuma kowane mako yana zuwa da jerin gajerun wasanni waɗanda ba su da alaƙa da juna, da kwaikwayon tallace-tallace, da waƙoƙin da aka sauya wa baiti, da wasu taurari, wato mutanen da aka ƙirƙira a cikin wasa, da suke dawowa lokaci bayan lokaci. Ginshiƙinsa shi ne Michael V., wanda sunansa na ainihi Beethoven Bunagan, mutanen ƙasar kuma suna kiransa Bitoy. Yana cikin shirin tun ranar farko, yana wasa, yana rubutu, yana kuma jagorantar tsara abin da za a yi. Shi da abokin wasansa Ogie Alcasid sun fito ne daga wani shirin barkwanci na tashar ABC ta Filifin mai suna Tropang Trumpo kafin su koma GMA. Shekaru da yawa ana nuna Bubble Gang a daren Juma'a, sai a 2023 aka mayar da shi ranar Lahadi.

Abu na farko da ya kamata ƙungiya ta yi shi ne ta zauna ta kalli guntayen shirin da ke YouTube, da agogo da takarda a hannu. Rashin jin Tagalog ba cikas ba ne, yana ma da amfani, domin idan kunne bai shagala da maganar ba ido yakan ga ginin wasan sarai. A rubuta minti nawa kowane wasa ya ɗauka, a daƙiƙa ta nawa aka fara dariya, mutum nawa ne a fitowar, kuma a wane wuri aka yanke. Za a ga sutura da wasu maganganu da ba su dace da tarbiyyarmu ba, waɗannan a bar musu kayansu. Abin da ake nema shi ne tsarin aikin.

Zaman marubuta

Ƙungiyoyinmu sukan taru ne a bayan mutum ɗaya mai baiwa, a kunna kyamara a ce masa ya yi abin dariya. Hakan yana ci na ɗan lokaci, amma abin da ke cikin kan mutum ɗaya yana ƙarewa, kuma ranar da ya kwanta ciwo ko ya sami aiki a Abuja shiri ya mutu. Shirin da zai fita kowane mako tsawon shekaru yana bukatar marubuta waɗanda aikinsu ke nan, ko da ba a taɓa ganin fuskarsu ba. Saboda haka kafin a sayi kyamara a tsayar da rana ɗaya a mako, a ce Litinin bayan La'asar, wadda mutum uku zuwa biyar za su zauna, kowa ya zo da dabaru aƙalla uku a rubuce, kowace dabara a jimla ɗaya ko biyu. Wanda ya zo hannu rabbana ya saurara kawai, kada a ba shi damar sukar na wasu, domin suka ta fi kawowa sauƙi.

A zaman, mai dabara ya karanta ta da ƙarfi. Idan ba wanda ya ko murmusa, a wuce ba tare da gardama ba, kuma kada mai ita ya tsaya yana bayyana dalilin da ya sa take da ban dariya, tunda ba zai bi masu kallo gida yana yi musu bayani ba. Wadda ta sa aka yi dariya a ba mutum ɗaya ya je ya rubuta ta cikakkiya, ya kawo kafin ranar gwaji. Yana da muhimmanci a naɗa mutum guda wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba. Ba lallai ya zama babba a shekaru ba, ba lallai kuma ya zama wanda ya kawo kuɗi ba, sai dai ya zama wanda zai iya jefar da dabararsa idan ta wani ta fi ta. Dabarun da aka ƙi kuwa kada a yar da su, a tara su a littafi guda, domin wadda ba ta dace da watan Rajab ba tana iya dacewa da jajibirin salla.

Game da inda dabara take fitowa, ba sai an je nesa ba. Layin mai POS idan ya ce babu sabis, cinikin buhun shinkafa a lokacin girbi, rigimar masu injin ban-ruwa a fadama, taron komitin biki da ba ya ƙarewa, tashar mota da direban da ke rantsuwa saura mutum ɗaya, duk waɗannan abubuwa ne da kowa ya sani amma ba kowa ya lura da abin dariyar da ke cikinsu ba. Ya kamata kowane marubuci ya riƙa yawo da ɗan littafi, ko ya riƙa naɗar murya a wayarsa, ya ajiye magana yadda aka faɗe ta. Kuma a bar ta da karin harshenmu. Ƙarfin Bubble Gang yana cikin magana da harshen da mutanen Manila suke yi a titi da cikin gida, don haka ɗan Kabi da ya murɗe bakinsa yana Kananci domin ya yi kama da 'yan fim ya zubar da abin da ya bambanta shi da kowa.

Ginin gajeren wasa

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka za a daɗe a kansa. Gajeren wasa abin dariya ɗaya yake ɗauka, wato hali ɗaya da ya saɓa wa hankali, wanda ake nunawa da wuri, a ƙara masa nauyi sau biyu ko uku, sannan a juya shi a yanke. Idan marubuci bai iya faɗin wannan hali a jimla guda ba, to bai gama tunani ba. Ga misali da za a iya gwadawa: dillalin albasa wanda ba ya taɓa faɗin farashi.

Alhaji ya tsaya gaban buhuna ya ce, "Kawu, buhun ga nawa na?" Dillali ya shimfiɗa masa tabarma ya ce, "Alhaji, kai da kanka? Zamna tukuna. Wagga albasa ta Aliero ta." Wannan ne matakin farko, kuma ya kamata ya zo kafin a yi daƙiƙa ashirin, domin mai kallo a waya ba ya jira. Alhaji ya sake tambaya, dillali ya shiga lissafin tsadar taki da ta man inji da kuɗin 'yan ƙwadago. Wannan mataki na biyu ne, kuma har yanzu abin yana kama da gaskiya. A na uku Alhaji ya fito da kuɗi yana ƙirgawa a gabansa, shi kuwa ya kama hannunsa ya ce, "Ina Baba, ya jiki nai? Rabona da shi tun bikin ƙanwarka." Aka kira Magariba, Alhaji ya gaji ya tafi. Dillali ya tattara kayansa, ya tsayar da ɗan kabu-kabu ya ce, "Yaro, nawa za ka kai ni gida?" Yaron ya kashe mashin, ya sauko a hankali ya ce, "Kawu, zamna tukuna." A nan za a yanke, ko daƙiƙa ɗaya kada a ƙara.

Akwai abubuwa a cikin wannan misali da suka shafi kowane wasa. Matakan suna hawa ne, na uku ya fi na biyu nauyi, kuma idan aka juya jerinsu wasan zai mutu, domin bayan an ga babba ƙarami ba ya ba da dariya. Alhaji ba ya yin abin dariya ko kaɗan, aikinsa shi ne ya zama mutum mai hankali wanda takaici ke ci, kuma da shi ne mai kallo yake auna haukar dillalin. Matasa da yawa ba sa son wannan matsayi saboda suna ganin na abokinsu ya fi haske, sai kowa ya shiga gwalo da ihu, wasa ya zama hayaniya. Ya kamata shugaban ƙungiya ya fahimtar da su cewa wanda ya iya riƙe fuska a tsakiyar shirme ya fi wuyar samu. Dillalin shi ma bai san yana ba da dariya ba, a ganinsa mutunci yake yi wa baƙonsa, kuma da zarar ɗan wasa ya kalli kyamara yana neman a yaba masa, ya fita daga halin.

Sai maganar tsayi. Minti biyu zuwa huɗu sun ishi yawancin wasanni. Abin da ke jawo tsawaitawa shi ne tausayin abin da aka sha wuya wurin ɗauka, da kuma son a ƙare da nasiha, inda wani dattijo zai fito ya bayyana darasin da ke cikin wasan. Wannan al'ada ce da muka gada daga wasannin faɗakarwa na rediyo da na makaranta, tana da wurinta, amma a gajeren wasan barkwanci tana kashe dariyar da aka gina. Mai kallo ya riga ya gane abin da ake nufi tun a mataki na biyu. Dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai.

Kafin ɗauka a yi gwaji sau biyu, na farko a zaune da takarda a hannu, na biyu a tsaye. A gayyato mutum biyu ko uku da ba sa cikin ƙungiya, waɗanda ba sa jin nauyin kowa, a kalli fuskarsu maimakon a tambaye su ra'ayi, domin kunya za ta sa su ce ya yi kyau.

Taurari masu dawowa

Tauraro a nan shi ne mutumin da aka ƙirƙira a cikin wasa, kuma shi ne jarin da shiri yake tarawa. Bubble Gang ya yi fice a wannan fanni. Akwai Mr. Assimo, wanda Michael V. yake fitowa a matsayinsa, mutumin da ke mayar da baƙar magana ga duk wanda ya yi masa tambayar da amsarta take a fili. Akwai Boy Pick-Up na Ogie Alcasid, wanda yake shiga gasar kalaman jan hankalin 'yan mata da maganganun da ba su da kai ba su da gindi, amma jama'a su yi ta shewa yana lashe gasar. Akwai kuma Angelina, 'yar masu kuɗi da aka shagwaɓa, da mai renonta da take wahalarwa. Boy Pick-Up da Angelina sun karɓu har aka yi musu finafinan sinima, na Angelina a 2009, na Boy Pick-Up a 2012. Kowannensu hali ɗaya gare shi wanda yaro ma zai iya faɗa, kuma abin da ke sauyawa shi ne wurin da aka jefa shi.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi shekaru yana fitowa a matsayin Samanja a rediyo da talabijin na Kaduna da hali guda, na sojan da ke cakuɗa Hausa da Turancin bariki. Dillalin albasar nan shi ma zai iya dawowa: a kai shi asibiti likita ya tambaye shi inda ke masa ciwo, a kai shi neman aure a tambaye shi sadaki, a tsayar da shi shaida a gaban alƙali. Halin yana nan, wurin ne sabo, kuma mai kallo yana fara dariya tun kafin ya buɗe baki saboda ya san abin da ke tafe.

Haɗarin shi ne a gajiyar da jama'a. Da zarar kalmar tauraro ta zama sara a gari, yara suna faɗinta a makaranta, ƙungiya takan ruɗe ta riƙa fito da shi kowane mako har a ƙosa. Shawara ita ce kada tauraro ɗaya ya fito fiye da sau biyu a wata, kuma idan aka lura dariyar ta fara raguwa a ajiye shi wata uku ko huɗu tun jama'a suna marmarinsa. A lokaci guda a riƙa gwada sababbi, domin a cikin biyar da za a gwada wataƙila ɗaya ne zai kama. Wani abin lura kuma shi ne, maza ne suka riƙa fitowa a matsayin Angelina da mai renonta, abin da masu kallo a Filifin suka saba da shi. A Kebbi shigar mata ga namiji za ta jawo wa ƙungiya maganar da za ta rufe duk aikin da ta yi. Idan wasa yana bukatar mace a nemi mace da yardar iyayenta ko mijinta, a yi ɗauka da rana a wurin da aka sani, ko kuma a rubuta wasan yadda za a ji muryarta daga cikin gida.

Kwaikwayon talla da iyakar ba'a

Kwaikwayon talla yana cikin abubuwan da aka fi sanin Bubble Gang da su, kuma shi ne mafi sauƙin farawa, tunda jama'a sun riga sun haddace asalin. Sirrinsa shi ne a kwaikwayi siffar daidai, murya da kiɗa da yadda ake riƙe kaya, sannan a sauya abu ɗaya kawai. Tallan mai maganin gargajiya da lasifika a kan mota, wanda ƙulli ɗaya yake warkar da cuta arba'in, ya isa misali: a bar muryar da jerin cututtukan yadda suke, sai a sa maganin ya zama na mantuwar bashi. Kada a yi amfani da sunan kamfani ko na wani mai sana'a na gaskiya, a ƙirƙiri suna. Haka nan sauya baitin waƙar wani yana da daɗi, amma Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kuma YouTube yana gane kiɗan da aka yi wa rajista ya karkatar da kuɗin talla ga mai shi ko ya toshe bidiyon. A nemi izinin mawaƙi, ko a sa wani mai kiɗa na gida ya tsara sabo.

Ɗaya daga cikin sassan Bubble Gang da suka fi shahara shi ne Ang Dating Doon, inda Isko Salvador ya riƙa fitowa a matsayin Brod Pete yana kwaikwayon salon wani shirin wa'azi na talabijin mai suna Ang Dating Daan. Wannan kada a kusance shi. Gaskiya ne 'yan kama sun daɗe a ƙasar Hausa suna aron karin karatun malamai suna zuba zancen tuwo da fura a ciki, amma suna yi ne a gaban mutanen da suka san su, a dandalin da kowa ya san wasa ake yi. Bidiyo kuwa ana iya yanke daƙiƙa goma daga cikinsa a tura WhatsApp ba tare da farko ko ƙarshe ba, ya isa hannun wanda bai san ku ba. Addini, da sarauta, da halin rashin tsaron da ya raba mutane da garuruwansu, da nakasar jiki, duk a bar su. Sunan mutum mai rai ma a kiyaye, domin akwai dokar laifukan intanet ta 2015, kuma an sha gurfanar da mutane a kan abin da suka wallafa.

Al'adarmu ta riga ta shata filin da ba'a take halatta, kuma fili ne mai faɗi. Akwai wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarabawa, da na Kanawa da Zagezagi. Wasannin tashe da yara suke yi daga goma ga azumi su ma gajerun wasannin barkwanci ne masu taurari da aka sani, suna tsokanar rowa da ƙazanta da son jiki ba tare da kama sunan kowa ba. Ƙa'idar da ke cikin duk waɗannan ita ce ana tsokanar hali ne, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa. Idan an yi wasan da Bafulatani ya sha kashi, a yi wani da shi ne ya yi nasara. A jihar da Kabawa da Fulani da Zabarmawa da Dakarkari da Kambari suke cin kasuwa ɗaya, wannan adalci shi zai sa kowa ya ɗauki shirin nasa.

Ɗauka da fitarwa

Wayar zamani mai kyau ta isa a fara da ita. Kuɗin da ake da shi a sa a makirfo ƙarami da ake maƙalawa a riga, domin mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji, kuma barkwanci a magana yake. A sami abin kafa waya don kada hoto ya yi rawa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi yana wuce digiri 40, waya takan yi zafi ta tsaya, don haka a yi ɗauka da hantsi ko bayan La'asar, lokacin da haske ma ya fi kyau. Da hunturu iska ce ke ɓata sauti, sai a nemi zaure ko bayan katanga. Kafin a kafa kyamara a kasuwa a gaida sarkin kasuwa, a unguwa kuma a sanar da mai unguwa, kuma kada a ɗauki fuskar wanda bai yarda ba.

Abin da ya fi kayan aiki muhimmanci shi ne rana tsayayya. Mutanen Filifin sun yi shekaru sun san daren Juma'a na Bubble Gang ne, kuma wannan sabo yana cikin abin da ya riƙe shirin. A zaɓi rana da lokaci a riƙe su. Domin hakan ya yiwu, kada a fitar da wasa na farko sai an tara shida a ajiye, kuma a ranar ɗauka guda a yi uku ko huɗu a wuri ɗaya da sauya tufafi. Wannan ajiya ita za ta cece ku a makon da aka yi rasuwa, ko ruwan damina ya hana fita, ko rabin 'yan wasa suka tafi yankan shinkafa ko jarrabawa. A kuma duba kalandar shekara tun da wuri, a tanadi wasannin azumi da na salla da na bikin kamun kifi na Argungu kafin lokacinsu ya zo.

Kuɗi da canjin mutane

Maganar kuɗi a yi ta tun babu kuɗin. A rubuta a takarda wanda ya mallaki shafin, da waɗanda suke riƙe da kalmar sirri, da kason marubuci, da na ɗan wasa, da na mai tace hoto, da abin da za a bari a asusun ƙungiya, kowa ya sa hannu a gaban wani dattijo da duka ake jin nauyinsa. Idan abin ya fara girma a yi rajistar suna a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, a buɗe asusun banki da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu sun sa hannu ake cire kuɗi. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla a dogayen bidiyo sai shafi ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, saboda haka kuɗin farko zai fi zuwa ne daga masu shaguna da makarantu da masu sayar da taki da ke gari. A karɓi tallarsu, amma a ajiye ta a farko ko a ƙarshe, kada mai talla ya zama shi ke rubuta wasa. Kuɗin 'yan siyasa kuwa, musamman a shekarar zaɓe, yana zuwa da yawa kuma yana raba ƙungiya da rabin masu kallonta a rana ɗaya.

Mutane za su tafi, wannan babu makawa. Ogie Alcasid, wanda yake ɗaya daga cikin manyan fuskokin Bubble Gang tun farkonsa, ya bar shirin a 2013 ya koma tashar TV5. Uro dela Cruz, wanda ya daɗe yana ba da umarni a shirin, ya rasu a 2016. A 2020 annobar korona ta tsayar da ɗauka na wasu watanni. Duk da haka shirin ya ci gaba, saboda tashar ta saba shigo da sababbin 'yan wasa suna koyo a gefen tsofaffi, kuma zaman marubuta bai dogara da fuska ɗaya ba. A nan gida, rasuwar Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014 ta bar giɓin da aka daɗe ana ji, domin baiwar tasa a jikinsa take.

Saboda haka tun a shekarar farko a buɗe ƙofa. Kowane wata uku a kira gwaji ga masu sha'awa, daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantun sakandare, da kwalejin Waziri Umaru, da jami'o'in da ke Kalgo da Aliero. Sabon shiga a fara ba shi matsayin mai riƙe fuska ko layi ɗaya, a kuma zaunar da shi a zaman marubuta yana saurare, bayan wata biyu a nemi ya kawo dabararsa. Mai tace hoto ya koya wa mutum na biyu, mai riƙe littafin dabaru shi ma haka. A cikin takardar yarjejeniya a fayyace tun farko cewa tauraron da aka ƙirƙira a zaman marubuta na ƙungiya ne, yayin da ɗan wasan da ya tafi yana da haƙƙin a ci gaba da ambaton sunansa da biyansa kasonsa a kan tsofaffin wasannin da ya fito a ciki. Idan ya tashi tafiya a yi masa wasan bankwana, kada a goge bidiyoyinsa, kuma kada a ba wani rigar tauraronsa nan take, a bar ta a rataye aƙalla shekara guda kafin a yanke shawarar ko za a sake fito da ita.